Ruwan Inabi A Gidan Mai Bi

Ya kai ɗan'uwana mai karatu, ko ka riga ka karɓi baftisma, ko kuwa kana cikin ajin masu neman sani tukuna, akwai wata tambaya da ta kan zo bakin sababbin masu bi, ko da ya ke da yawa su kan ji nauyin yinta a gaban jama'a. Su kan ce, tun da shi ke Littafi Mai Tsarki ya ambaci ruwan inabi, tun da kuma Kiristocin ƙasashen Turai suna shansa kullum tare da abinci, wane iri ne mai daɗi wanda talaka zai iya saye ya ajiye a gidansa? Tambayar ba abin kunya ba ce. Gara a yi ta a fili da a yi ta a ɓoye a bakin kanti, inda mai amsawa shi ne mai neman kuɗinka.

Bari mu fara da sanin abin kansa. Ruwan inabi, wanda tsofaffin masu bi ke ce da shi ruwan anab, ruwan 'ya'yan inabi ne da aka matse aka bari ya tashi. Akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau yisti, su ne su ke cin zaƙin da ke cikin ruwan, su mai da shi barasa. Wani masani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya bayyana wannan aiki wajen 1857, ya kuma nuna cewa waɗansu halittun dabam ne ke lalata shi ya koma ruwan tsami. Aikin da ke faruwa a cikin tukunyar burukutu ke nan, sai dai ita dawa ce, shi kuwa inabi. Kada kyan kwalba ya ruɗe ka har ka ɗauka wannan ba dangin wancan ba ne.

A wajen ƙarfi ma ya fi. Giyar kwalba ta kan ɗauki barasa wajen kashi 5 cikin ɗari. Ruwan inabi kuwa ya kan kai kashi 12 zuwa 14. Kwalbarsa guda tana cin santilita 75, in ka yi lissafi za ka tarar barasar da ke cikinta ta kai ta manyan kwalaben giya uku, har da ɗoriya. Mutum ya zauna ya shanye kwalba ɗaya yana cewa ai ɗan ruwan 'ya'yan itace ne, ga shi kuwa da an jera masa kwalabe uku na giya a gabansa da ya ji kunya.

To, me ya sa wani ke da tsada, wani kuwa araha? Mai araha daga manyan gonaki ya ke fitowa, kamar na filayen La Manca a Sifen, da na kudancin Faransa, da na Kalifoniya a Amurka, da na Afirka ta Kudu. A kan girbe inabin da injin, a gauraya na gonaki da yawa, a ɗauko shi cikin manyan tankuna a jirgin ruwa, sa'an nan a ɗura shi a kwalba ko a kwali. Wanda a ke kawowa kasuwanninmu sau da yawa mai zaƙi ne, gama 'yan kasuwa sun san harshenmu yana son zaƙi. Zaƙin nan kuwa ya kan ɓoye ƙarfinsa, ya kan kuma rufe aibinsa. Mai tsada, kuɗinsa na ƙaramar gona ne, da aikin hannu, da gangar itace inda ya kwana, amma rabi kuma kuɗin suna ne kawai. A 1976 an tara gwanayen ɗanɗano na Faransa a birnin Faris, aka ba su na ƙasarsu da na Kalifoniya ba tare da sun ga sunan kwalba ba, sai ga shi sun ba na Kalifoniya na ɗaya. In gwanaye sun ruɗe haka, ina ga ni da kai? Wanda ya zuba kuɗinsa domin a ce ya sha mai suna, girman kai ya saya.

Amma araha ma tana da nata haɗari, mutanenmu kuwa sun riga sun ce araha ba ta ado. A 1986 waɗansu 'yan kasuwa a ƙasar Italiya suka ƙara wa mai araha ƙarfi da wata irin barasa mai dafi wadda a ke kira metanol, mutum wajen ashirin suka mutu, waɗansu suka makance. Irin wannan dafin ne ya kashe mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015, cikin ogogoro. Ba a gane shi da hanci ko da harshe. Masu jabu su kan tsinci kwalaben wofi, su cika su da abin da suka ga dama, su manna takarda. Domin haka wanda ikilisiyarsa ta yardar masa, ko wanda aka aika ya sayo na Jibin Ubangiji, sai ya duba lambar hukumar NAFDAC in a Nijeriya ya ke, ya duba murfin ko an taɓa shi, ya guji wanda kuɗinsa ya faɗi ƙasa da hankali. Kada kuma ya ɗauki wanda ya daɗe a rana. Zafi yana dafa ruwan inabi a cikin kwalbarsa, zafin bazara na ƙasarmu kuwa ya kan haura awo 40. Maganar da a ke yi cewa tsufa yana ƙara masa daɗi, ga kaɗan ne ta ke gaskiya. Mafi yawansa an yi shi domin a sha cikin shekara ɗaya ko biyu, in an buɗe kuwa 'yan kwanaki ne ya tsame.

Wannan shi ne abin da ɗan kasuwa mai gaskiya zai faɗa maka. Yanzu sai mu zo ga abin da ya fi nauyi.

Ba zan ɓoye maka ba, Littafi Mai Tsarki bai kira ruwan inabi haram ba. A Bisharar Yohanna sura 2 za ka karanta yadda Ubangijinmu ya je biki a Kana ta Galili, ruwan inabi ya ƙare, ya sa aka cika randuna shida na dutse da ruwa, ya juyar da shi, har uban biki ya yi mamakin daɗinsa. Bulus Manzo kuma ya shawarci Timoti ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa. Malamin da ya ce maka waɗannan ba su cikin Littafi, bai kyauta maka ba, gama ran da ka gan su da idonka za ka fara shakkar sauran koyarwarsa.

Amma fa ka karanta da ido biyu. A ƙasar Yahudiya inabi amfanin gona ne kamar yadda gero ya ke a wurinmu, kowane ƙauye da garkarsa da wurin matsewa. Mutanen zamanin nan kuma, Yahudawa da Helenawa da Romawa, sun saba su tsarma shi da ruwa kafin su sha. A Kana biki a ke yi. Timoti kuwa marar lafiya ne, sai da aka roƙe shi tukuna, alama ce ke nan ruwa kaɗai ya ke sha. Littafin nan guda shi ne ya ba mu labarin Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tufana, ya dasa garkar inabi, ya bugu, ya kwanta tsirara a cikin alfarwarsa, abin ya zama sanadin la'ana a gidansa. Shi ne ya ba mu labarin Lutu, wanda ba na so in maimaita shi a nan. Ka duba Farawa sura 19. Karin Magana sura 23 ta zana hoton mashayi sarai, da jan idonsa da raunukansa da bai san inda ya samo su ba. Wasiƙar Galatiyawa ta jera buguwa tare da ayyukan da ke hana mutum gadon Mulkin Allah. Ga kuma waɗanda suka ƙi shi ɗungum aka yabe su: Rekabawa a Irmiya sura 35, da Yohanna Mai Baftisma tun daga haihuwarsa.

Kalmar da ta fi damuna a cikin tambayarka ita ce "kullum". Abin da a ke sha kullum, jiki ya kan saba da shi, ƙoƙo ɗaya na bara ba ya isa bana. Ba wanda ya tashi da safe ya ƙudura zai zama mashayi. Ka tambayi kowane ɗayansu, zai ce maka da ɗan kaɗan ya fara, a wurin abokai, da kuɗin da ya ga ba su da yawa. Mai arahar shi ya fi kama mutum, domin mai tsada aljihu ne ke tsawata masa.

Su Turawan da ka ke misali da su, ka san sun ja da baya? Wajen 1960 Bafaranshe ɗaya ya kan sha fiye da lita 100 a shekara, yanzu bai kai rabin wannan ba. Har yara a ke ba a makarantunsu, sai a 1956 gwamnatinsu ta hana a ba 'yan ƙasa da shekara 14. An daɗe ana yaɗa cewa jan ruwan inabi maganin zuciya ne. Amma tun 1988 masu binciken ciwon daji suka sa barasa cikin abubuwan da aka tabbata suna jawo shi, a Janairu 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na sha da za a ce ba shi da lahani ga jiki. Hanta ce ta fi shan wahala, ga shi kuwa ciwon hanta mai yaɗuwa ya yi yawa a ƙasashenmu, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Mace mai ciki kada ta kusance shi ko kaɗan, gama yana ratsawa ya kai ga ɗan da ke cikinta. Haka mai tuƙin mota ko babur.

Ka yi lissafin kuɗi kuma. In kana shan rabin kwalba kowane dare, kwalba 15 ke nan a wata, 180 a shekara. Ka je ka tambayi kuɗin mafi araha a garinku, ka ninka, sa'an nan ka tambayi uwargida mudu nawa na masara za ta auno da shi, ko zangon karatu nawa zai biya wa yaro. Ni ban ga gidan da wannan lissafi ya fita da riba ba.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, mu Hausawa masu bi. Muna zaune tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta Musulmi, waɗansunmu iyayensu ma Musulmi ne, addininsu kuwa ya hana giya. Da yawa cikinsu sun ɗauka cewa wanda ya bi Yesu Kristi, sha'awar giya ce ta kai shi. Ran da mahaifinka ya ga kwalba a ɗakinka, ka tabbatar masa da zatonsa, ka kuma rufe kunnensa ga dukan abin da za ka faɗa masa daga baya. Tun daga shekara ta 2000 jihohi da dama na Arewa suka kafa dokar hana sayar da giya, a Kano ma Hisba ta kan farfasa kwalabe a gaban jama'a. Ba ya kamaci mai bi a ji sunansa cikin irin wannan shari'a ba. A cikin ikilisiya kanta akwai ɗan'uwan da ya sha fama kafin ya rabu da gidan burukutu, warinta kaɗai ya isa ya mai da shi. Bulus ya yi wannan magana a Romawa sura 14, inda ya nuna cewa abin da ya halatta gare ka, in zai sa ɗan'uwanka tuntuɓe, barinsa ya fi. A ganina wannan hujja ta fi ta likita ƙarfi, ko da ya ke mutane sun fi jin tsoron likita.

Ikilisiyoyi ba su zama ɗaya a kan wannan ba, kada kuwa abin ya dame ka. Waɗansu, kamar Katolika, suna amfani da ruwan inabi mai ƙarfi a wurin Jibin Ubangiji. Waɗansu da yawa a Arewa sun hana 'ya'yansu sha gaba ɗaya, a teburin Ubangiji ma marar barasa su ke bayarwa. Wannan ya samo hanya ne tun 1869, sa'ad da wani likitan haƙori Bametodis a Amurka, Thomas Welch, ya bi dabarar Pasteur ya ɗumama ruwan 'ya'yan inabi domin kada ya tashi. Ka bi ƙa'idar ikilisiyar da ta yi maka baftisma, kada kuma ka raina ɗan'uwan da ke wata ikilisiya, ko ka riƙa leƙen ƙoƙonsa.

In kuwa abin da ka ke nema shi ne abin sha mai daɗi, mai araha, wanda za ka sa a gaban baƙo ba tare da kunya ba, ai yana bakin ƙofarka. Zobo mai citta da kanumfari, launinsa ma bai bar na jan ruwan inabi da kome ba. Ga kunun aya, ga kunun zaƙi, ga ruwan tsamiya da zuma a lokacin zafi. Ana kuma sayar da ruwan inabi marar barasa a kwalba domin bukukuwa. Ka karanta takardar jikinsa da kyau, ka tabbata an rubuta babu barasa, gama kwalaben suna kama da juna, ka kuma san sukarinsa da yawa. Kunu ma in ya kwana biyu a zafi ya kan fara tashi, sai a yi daidai na yini.

Za a gayyace ka biki wata rana, a miƙo maka ƙoƙo. Ba sai ka yi wa'azi ba, ba sai ka murtuke fuska ba. Ka gode wa mai gida, ka ce ba ka sha, ka roƙi ruwa ko zobo, ka ci abincinka tare da su. In sun matsa maka, ka sake faɗi sau ɗaya cikin ladabi. In kuwa kai ne ka riga ka kamu, har ka ga hannunka yana rawa da safe, kada ka yanke shi farat ɗaya kai kaɗai, gama wannan ya kan jawo jijjiga mai haɗari. Ka je wurin likita, ka kuma gaya wa fastonka ko wani dattijon ikilisiya da ka amince da shi, domin ya raka ka.