Wasiƙa ga Matasan Ma'aikatan Lafiya kan Komawa Rubutun Likitanci Bayan Shekaru Sun Ja

Zuwa ga matasan da ke aiki a asibitoci da ɗakunan gwaje-gwaje da shagunan magani.

Rubutun likitanci shi ne sana'ar mayar da sakamakon bincike kan cuta da magani zuwa takardar da hukuma ko likita ko majinyaci zai karanta ya yanke shawara a kanta, kuma da yawa daga masu yin sa sun shigo ne bayan sun daɗe a jinya ko haɗa magunguna ko bincike. Sherwin Nuland, likitan tiyata a Amurka, ya haura shekara 60 lokacin da littafinsa How We Die ya fito a 1994, kuma ƙarfin littafin ya samo asali ne daga daɗewarsa a gefen gadon marasa lafiya. Don haka matashin da yake jin cewa wata rana zai gaji da kwanan asibiti bai kamata ya ɗauki shekarunsa na yanzu a matsayin asara ba, domin su ne jarin da zai shiga sabuwar sana'ar da shi, muddin ya soma tattali tun da sauran ƙarfi.

Tattalin yana farawa da sanin cewa aikin yana da ƙa'idoji rubutattu. Rahoton gwajin magani a kan mutane, wanda ake miƙa wa hukumomi irin su NAFDAC da aka kafa a 1993, yana bin tsarin da ake kira ICH E3 na 1995, wanda ya fayyace abin da kowane babi zai ƙunsa. Maƙalar irin wannan gwaji da za ta shiga mujallar kimiyya kuwa tana bin jagorar CONSORT da ta fara fitowa a 1996. Dole ne kuma a koyi ƙididdiga daidai gwargwado, wato a iya bambance sauƙin da magani ya kawo da wanda ya zo bisa dace. Wanda ya ajiye aikinsa kafin ya mallaki waɗannan, ya kuma tara samfurin rubutunsa da zai nuna wa mai ɗaukar aiki, ya saki reshe ya kama ganye.

Abin da ya fi dukkan wannan nauyi shi ne amana, kuma a nan ne dattaku yake da rana. An janye maganin Vioxx daga kasuwa a 2004 saboda haɗarin bugun zuciya, sannan a 2008 mujallar JAMA ta nuna cewa wasu maƙalu game da shi marubutan haya ne suka tsara su, aka ɗora sunayen manyan malamai a kai. Marubucin da ya taɓa ganin illar magani a jikin mutum ya fi samun ƙarfin halin ƙin binne ta a ƙasan shafi. Kano ma tana da nata darasin: a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kimanin 200, daga baya iyaye suka kai ƙara cewa ba a bayyana musu gwaji ake yi ba, ita kuma gwamnatin jihar ta sasanta tata shari'ar a 2009 kan dala miliyan 75. Takardar amincewa, wato bayanin da ake karanta wa mutum kafin ya yarda a yi gwaji da shi, alƙalamin marubuci ne ke samar da ita, kuma idan uwa ba ta gane ta ba, sa hannunta bai zama yarda ba.

Saboda haka matashi Bahaushe yana riƙe da abin da takwaransa na Turai ba shi da shi. Ya dace ya riƙa rubuta yadda majinyata ke kwatanta ciwonsu da bakinsu, ba tare da ambaton sunan kowa ba, ya gwada rubuta bayanin shan magani da Hausa, sannan ya karanta wa dattijuwar da ba ta yi boko ba, ya gyara duk jimlar da ta sa ta tambayi ma'anarta.