SAYEN BUHUN YASHI DON TACE ZINARE: YA HALATTA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, a Amurka, ƙasar da aka yi rububin zinare a Kalifoniya tun 1848, yanzu wankin zinare ya zama abin nishaɗi. Mutum zai sayi ƙaramin buhun yashi a shago ko ta intanet, ya zuba a faranti da ruwa, ya yi ta karkaɗawa. Da yake zinare ya ninka yashi nauyi kusan sau 7, sai yashin ya bi ruwa, ƙwayoyin zinare su kwanta a ƙasa. Sau da yawa ma mai sayarwar ne ya barbaɗa zinaren da hannunsa.

Wankin kansa ba laifi. Cinikin ne abin dubawa.

1. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wato abin da muke kira cinikin biri a sama. Buhu a ɗaure, ba ka san ko zinaren ciki ya kai kuɗinka ba, to me ka saya?

2. Mas'alar ba sabuwa ba ce. Ibnu Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa Imam Malik ya halatta sayar da ƙasar ma'adini da haja, ko da kuɗin da ba jinsinta ba, amma ya hana sayar da sharar maƙeran zinare. Imam Shafi'i kuwa ya hana duka biyun. Ƙasar ma'adini masani yana iya dubanta ya kintata. Buhun da wani ya haɗa ya rufe fa? Ya fi kama da sharar maƙera.

3. Idan an rubuta nauyin zinaren a jiki, jahilci ya ragu, amma ka shiga cinikin zinare. Hadisin Ubada bin Samit (RA) ya sharɗanta hannu da hannu, kuma jumhurun malaman zamani sun ba takardun kuɗi hukuncin zinare da azurfa. Ka biya yau, kaya su iso bayan mako, sharaɗi ya faɗi.

Mafita: in koyo kake so, sayi 'yar ƙwayar zinare mai sanannen nauyi, ka karɓa nan take, ka cakuɗa da yashin ƙofar gidanku, ka wanke son ranka.

Amma wanda yake saye yana fatan dace, wannan hanyar caca ya kama. Ya ji tsoron Allah ya bari.

Wallahu A'alam.