Darasi: Nisan Minna Zuwa Madina Ta Sama

A miƙe, tazarar da ke tsakanin filin jirgin saman Minna da na Madina ta kai kimanin kilomita 3,900, tafiyar wajen awa 5, ta sararin samaniyar Chadi da Sudan.

To amma jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi sai ƙasashen da ke hanya sun ba da izini. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka rufe sararin samaniyarta, tilas jiragen alhazan Nijeriya suka yi zagaye, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin dala 250 kan kowace kujera.

Saboda haka, wajibi ne mai harkar jigila ya gina lissafinsa bisa hanyar da jirgi zai bi.