Maɗori da Hoton Asibiti: Yaushe Ne Gani Ke Korar Ji?

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a auna maganar a kan hoton asibiti, watau na'urorin da ke nuna wa likita cikin jiki ba tare da an tsaga ba, tare da misali daga Ƙofar Galadima ta birnin Zariya.

Asalin Hoto da Ire-irensa

Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, shi ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi a shekarar 1895. A 1971 aka fara ɗaukar majiyyaci da na'urar CT a Ingila. Akwai kuma hoton ciki, wanda ke aiki da amon sauti. Bahaushe ya haɗa su duka ya kira su "hoto", alhali kuwa sun bambanta wajen kuɗi da haɗari. Hasken CT ya ninka na hoton ƙashi sau da yawa, shi kuwa hoton ciki ba ya da irin wannan haske.

Ma'aunin Amfani

A 2006 Michael Porter da Elizabeth Teisberg na Amurka suka yi bayanin cewa darajar magani ita ce lafiyar da majiyyaci ya samu in an gwada ta da abin da aka kashe. Bisa wannan ma'auni, tambaya guda ce a kan kowane hoto: shin abin da zai nuna zai sāke yadda za a yi magani?

A ɗauka yaro ya faɗo daga bishiya a Ƙofar Galadima, gwiwar hannunsa ta kumbura. Bisa al'ada maɗori za a fara nema. Zai lalluba, ya ja, ya jera karare ya ɗaure. Sau da yawa akan dace. Amma hannu ba ya iya rarrabe targaɗe da karayar da ta shiga gaɓa. Irin wannan karaya takan danne jijiyar jini, ɗauri mai tsanani kuma ya ƙarasa toshe ta, hannu ya ruɓe har a kai ga yankewa. A nan hoton ƙashi guda, ko a Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya fi kuɗinsa nesa ba kusa ba. Haka yake ga mai juna biyu wadda hoto ya nuna mabiyiya ta tare hanya, aka shirya mata fiɗa tun kafin naƙuda.

To, amma a dubi magidancin da bayansa ya riƙe kwana uku bayan huɗa, ba zazzaɓi, ba rama, ba mutuwar ƙafa. Galibin irin wannan ciwo yakan lafa cikin 'yan makonni. In ya sayar da buhun masara don hoto mai tsada, maganin da za a ba shi bai sāke ba, rumbu kawai ya ragu.

Kammalawa

Ashe gani ba ya korar ji sai in abin da aka gani zai gyara hukunci. Aikinmu ɗaliban Hausa shi ne mu samar wa kowane irin hoto sunansa, domin majiyyaci ya san abin da yake biya, maɗori kuma ya san karayar da ya kamata ya tura asibiti kafin ya ɗaura kara.