Fijon Jiya da Fijon Yau: Jan Hankali Daga Bakin Gareji

Akwai wata magana da ta zama kamar karatun da kowa ya haddace a tashoshin mota da garejoji, tun daga Panteka ta Kaduna har Ƙofar Ruwa ta Kano, ita ce wai Fijo ta ƙare daga 504, duk abin da aka ƙera bayanta kuwa wahala ce aka shafa wa fenti. Ni da na tashi a kanikanci tun ina yaron gareji mai miƙa sifana, har Allah ya nufa yau nake da nawa yaran, kuma galibin abin da ya ratsa hannuna motocin wannan kamfani ne, na daɗe ina jin wannan hukunci a bakin direbobi da 'yan kasuwa da ma'aikata, na kuwa ga ya kamata a zauna a bi shi daki-daki, domin lalle akwai gaskiya a cikinsa, amma ba ta kai yawan da ake ba ta ba, abin da ya saura kuwa yana wuyan masu gyara da masu hawa.

Mutanen gidan Peugeot ba da mota suka fara ba. A shekarar 1810 wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric, mutanen yankin Montbéliard a gabashin Faransa, suka mai da wurin niƙan hatsin gidansu maƙera, suka shiga ƙera zarto da sauran kayan ƙarfe, daga baya zuriyarsu ta ƙara da injin niƙan gahawa da na masoro, sa'an nan kekuna a 1882. Zakin nan da muke gani a goshin mota tambarin zartonsu ne, tun 1858 aka yi masa rajista, ana nufin haƙoran zarton ba su gaza na zaki ba. Armand Peugeot shi ne ya karkata ga mota: a 1889 ya nuna wata mai ƙafa uku da tururi ke tuƙa ta a bajekolin birnin Paris, da ya ga tururi ba zai kai shi ko'ina ba sai ya koma ga injin fetur irin na Daimler. Ɗan'uwansa Eugène bai ga alamar riba a cikin lamarin ba, suka raba gari a 1896, ba a sake haɗe kamfanonin biyu ba sai 1910. Bayan shekara biyu aka kafa masana'antar Sochaux, a 1929 kuma, da fitowar 201, aka fara al'adar nan ta lamba uku da sifiri a tsakiya.

Wannan duka tarihin Turai ne. Namu ya fara kankama da 403, ya ƙarfafa da 404 wadda ta fito a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami mulkin kai, ya kai ƙololuwa da 504 ta 1968. Motocin nan ba a banza suka yi suna ba, gama 404 ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, 504 ma ta ci a 1975, a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara daɗi ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin, aka kafa masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, ta soma aiki a 1975; abin mamaki ma, an yi zamanin da ake ɗauko sassan motar a jirgin sama daga Lyon a sauke a Kano, sa'an nan a kwaso su ta ƙasa zuwa Kaduna. Da gwamnatin Janar Obasanjo ta zo da tsarin tsuke bakin aljihu, sai 504 ta zama motar hukuma tun daga manya har ƙanana. Ita ce ta ofis, ita ce ta asibiti, doguwarta ita ce ta haya tsakanin gari da gari, a-kori-kura tana jigilar buhuna ran kasuwa, 'yar'uwarsu J5 kuma har gobe tana sauka Kudu da tumatir da albasa.

Wanda ya taɓa buɗe bonet ɗin 504 ya san sirrin wannan ƙauna. Komai a fili yake, hannu yana kaiwa ko'ina. Gangar injin baƙin ƙarfe ce mai kauri, kafireta ke ba ta mai, sarƙa ke riƙe da taimin, ƙafafun baya ke tura ta, ga tsawo daga ƙasa, ga shakazoba mai lanƙwame rami. Idan ta tsaya a daji, direba mai basira da sukudireba da guntun waya zai tashe ta. Idan tanki ya tsage a liƙe da sabulu a ƙarasa gari. Babbar falalarta kuwa haƙuri: a zuba mata ruwan rijiya ta sha, a ba ta baƙin man da aka auno a galan ta karɓa, a ɗora mata kayan da ya ninka ƙa'ida ta tafi tana nishi. Ba wai waɗannan abubuwa ba su cutar da ita ba ne, cutar ce ba ta bayyana sai bayan shekaru, lokacin da ba mai tuna sababinta.

A nan ne mas'alar take. A Turai an daina ƙera salun ɗin 504 tun 1983, amma Kaduna ba ta daina harhaɗa 504 ba sai wajen 2006, wato mun zauna da ita fiye da shekara ashirin bayan masu ita sun wuce gaba, kuma a kanta ne galibin iyayen gidanmu suka koyi sana'a suka koyar. A cikin waɗannan shekaru dokokin hana gurɓata iska a Turai, musamman daga 1992, suka kori kafireta, suka kawo allurar mai da ƙwaƙwalwar lantarki mai auna kowane ɗigo, injuna suka koma na alminiyam marasa nauyi. Mu kuma a nan, bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma ga 'yan Kwatano. Sai ga 406 ta 1995, da 206, da 307, da 407 sun cika gari, wasu daga Kakuri, mafi yawa kuwa tsofaffi daga Turai, suka faɗa hannun mutanen da ilminsu na wata mota ce daban. Malamanmu na usulu suna cewa ba a yin ƙiyasi sai illar hukunci ta zama ɗaya a asali da reshe. In akwai abin da ya rarrabe su, ƙiyasin ɓatacce ne. To, mu kanikawa mun ɗauki fatawar 504 mun zartar a kan 406, hujjarmu kawai ita ce zaki ɗaya ne a goshinsu.

Babu inda wannan ya fi bayyana kamar sha'anin tamostat. Da zarar mota ta iso daga Kwatano, abu na farko da ake gaya wa mai ita shi ne, "Alhaji, a cire wannan, na ƙasar sanyi ne," sa'an nan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga an murza makulli. Alhali tamostat ba don ƙanƙara aka yi shi ba. Ɗan bawul ne da ke tsare ruwa a cikin injin har ya yi ɗumin da aka ƙera shi ya yi aiki a kansa, wajen digiri 90, sa'an nan ya buɗe wa ruwan hanyar lagireto. Idan aka cire shi, injin ya daɗe bai kai wannan ɗumi ba, musamman da asuba ko da hunturu ko a doguwar hanya; ƙwaƙwalwar motar kuwa, da yake abin da ma'aunin zafi ya gaya mata shi take bi, sai ta ɗauka har yanzu injin bai farka ba, ta yi ta ƙara fetur. Fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, fulogi su yi baƙi, zobban fistin su cinye kafin lokacinsu. Mai mota yana murna allurar zafi ba ta ɗagawa, yana kuma kukan motar ta cika shan mai, bai san abu ɗaya ne ya haifi murnar da kukan ba. In mota tana zafi, akwai dalili: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji, ko fanka ba ta tashi a kan kari, ko tamostat ɗin kansa ya maƙale, a sa sabo. Cire shi ɓoye ciwo ne kawai.

Ruwan ma haka. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishiri da kanwar ƙasa, waɗanda zafi ke daskarar da su a 'yan siraran bututun lagireto, suna kuma cin alminiyam a hankali har kan silinda ya yi ramuka, gasket ya ƙone, a ga mai ya gauraya da ruwa. Ruwan nan mai launi da ake sayarwa a jarka ba ado ba ne, yana hana tsatsa, yana kuma jinkirta tafasa. Na sha kwance injin da mai shi ke rantsuwa ƙirar ce ba ta da kyau, in leƙa magudanan ruwan in tarar sun cushe da jan laka.

Sai bel ɗin taimin, wanda shi ne ya fi jawo asara farat ɗaya. Sarƙar 504 idan ta gaji tana ƙara, tana ba da sanarwa wata da watanni. Bel na roba ba ya sallama. Ranar da ya tsinke fistin ya haɗu da bawul, a lanƙwasa su cikin ƙiftawar ido, aikin 'yan dubbai ya koma na ɗaruruwan dubbai. Littafin kowace mota ya faɗi tafiyar da bel zai yi ko shekarun da zai kai, duk wanda ya riga cika, amma motar da ta yi fiye da shekara goma a Turai, ta kwana a tashar jirgin ruwa, ta bi ta hannun dillalai, wa zai ba da shaidar abin da agogonta ya nuna? Shawarata ga duk wanda ya sayi 'yar Kwatano ita ce, kafin ya sayi labule da rediyo, ya canza bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa gaba ɗaya, ya rubuta ranar da lambar kilomita ya ajiye.

Sha'anin wuta kuwa shi ne ya fi ɓata wa motocin nan suna. A 504 kowace fitila da wayarta, mai wayarin yana bi da ɗan ƙwan gwaji har ya kama inda ta yanke. A 307 da 407 da 406 ta baya-baya akwai wani akwati da ake kira BSI, wanda fitilu da makullan ƙofa da share gilashi da tsaron makulli duk sai sun bi ta wurinsa, saƙonni ne ke gudana a wayoyin, ba wuta kaɗai ba. Yanke waya a ɗaura wata, ko maye gurbin fis da zaren tagulla, ko cire kan batir injin yana aiki wai a gwada caji, ko wanke injin da ruwan famfo mai ƙarfi, kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya kashe akwatin ko ƙwaƙwalwar injin. Ko batir za a cire, a kashe mota a dakata 'yan mintoci tukuna. Akwai na'urar bincike da ake soka wa motar ta faɗi inda ke mata ciwo. Kuɗin gwajin bai kai na kayan gyara guda da za a saya bisa zato ba. Giya mai sarrafa kanta, irin AL4, ita ma tana da man da aka ƙayyade mata, ba kowane jan mai ba.

Ban ce motocin yau ba su da aibi ba. Wanda ya ce 407 ba ta da tsawon da za ta shiga hanyar ƙauye da damina ya faɗi gaskiya, domin don titunan Turai aka zana ta, wanda kuma harkarsa ta kasuwannin karkara ce ya nemi wata. Kamfanin da kansa, wanda tun 2021 ya shiga cikin gamayyar Stellantis tare da Fiat da Chrysler, ya taɓa kiran motoci masu ƙaramin injin 1.2 PureTech a Turai saboda bel ɗin da ke gudana cikin mai yana saurin ruɓewa. Wannan ma darasi ne a gare mu, gama irin waɗannan injuna sun fara shigowa, ga kuma sabuwar masana'antar Dangote da Peugeot a hanyar Kaduna zuwa Abuja tana harhaɗa na zamani tun 2022, kuma injin da bel ɗinsa ke kwance cikin mai ba ya yafe man da ba nasa ba ko kaɗan. Man galan da ba a san asalinsa ba, wanda 504 ta haɗiye shekara da shekaru, a nan guba ne.

Saura magana ɗaya ga 'yan'uwana masu sana'a da dillalai. Ya zama ruwan dare idan fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin tef a kai motar kasuwa. Wannan algus ne, kuma malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda aka ɓoye wa aibi a ciniki yana da haƙƙin mayar da kaya. Mai saye kuma ya kare kansa: ya je ganin mota da safe injin yana sanyi, ya murza makulli ba tare da ya tayar ba, ya tabbata fitilar injin da ta mai da ta batir duk sun kama, su kuma mutu bayan ta tashi. In fanka ta hau juyawa nan take, mai yiwuwa an taɓa wayarta. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai farin kumfa, ya leƙa tulun ruwa ya ga launinsa, sa'an nan ya biya a sa mata na'ura a gabansa kafin a yi maganar kuɗi.