Ku daina jiƙa murjani a ruwan lemon tsami

Ranar Alhamis, ana tsakiyar cin Kasuwan Magani, wata dattijuwa ta zo rumfata tare da ɗanta, ta kwance bakin zane ta fito da murjani zubi biyu. Gadon mahaifiyarta ne, tana so ta sayar ta biya kuɗin aikin ido a Kaduna. Ina zuba shi a tafin hannu gabana ya faɗi. Nauyin yana nan, sanyin yana nan, amma fuskar ta yi fari-fari da kaushi, bakin hujin zaren duk ya zaizaye.

Na ce, "Mama, me ya taɓa shi?"

Ɗan ne ya amsa. Wai ya gani a waya cewa idan aka sa murjani a ruwan lemon tsami ya yi kumfa, to na gaske ne. Sai ya matse lemo a kofi, ya zuba zubin duka, ya bar shi ya kwana. Har da murnarsa yake faɗa mini ya yi kumfa sosai. Wannan kumfar jikin murjanin ne ke narkewa! Sinadarinsa ɗaya da na ɓawon ƙwai, tsami cinye shi yake yi. Abin takaicin, farin murjanin da ake rinawa ja ma yana kumfa, haka ƙoƙon dodon koɗi. Ya lalata kayan uwarsa, kuma bai gano komai ba.

Murjaninta na gaske ne, irin jan nan na Bahar Rum da ake sassaƙawa a Torre del Greco ta Italiya. A teku, kaurin reshensa ba ya ƙaruwa da milimita ɗaya a shekara. Da na faɗa mata abin da zai yi yanzu, shiru ta yi ta ɗaure kayanta. Ko rabin kuɗinsa na da bai kai ba.

Kada ku jiƙa shi a tsami. Kada ku soka masa allura mai zafi. Turare ma kashe masa sheƙi yake yi, ku fesa ya bushe kafin ku sa shi a wuya.

Hoton waya ba ya bambance murjani, ko littafin duwatsu sai an haɗa da madubin ƙara girma. Na gaske yana da siraran layuka a jere, kwalba tana da ƙwayoyin iska a ciki, roba ba nauyi kuma ga layin haɗi. Na rini, ɗan ruwan goge farce a auduga ya isa, a shafa a bakin huji. Masu yawo da roba a faranti suna rantsuwa cewa na Makka ne, ku ji tsoron Allah, matan ƙauye kuke cuta da kuɗin cittarsu.

Ina sake faɗa, ban da lemon tsami. Mai tsohon murjani a gida ya kawo shi yadda yake, da dauɗarsa, mu duba.