Darasi: Duna, ɗan kwikwiyona

I. Mu karanta

Bara da kaka, dila ya shigo garkenmu da dare, ya kashe mana ƴan awaki biyu. Inna ta yi baƙin ciki ƙwarai, don da ribar hurarta ta sayi uwarsu. Da gari ya waye, sai Baba ya ce: «Gidan nan yana bukatar karen gadi.»

A lokacin karyar Kawu ta haifi ƴaƴa biyar. Na ruga gidansa don in ɗauko ɗaya, amma ya hana ni.

— Yi haƙuri, ɗana. Ba ka ga ko ido ba su buɗe ba? Sai sun yi kamar sati biyu suke gani. Bar shi ya sha nonon uwarsa har ya cika wata biyu. Kwikwiyon da aka raba da uwa da wuri ba ya ƙwari, kuma yawan tsoro gare shi.

— To, Kawu, zan jira.

Da wata biyu ya cika, na zaɓi wani baƙi wuluk, na sa masa suna Duna. Kafin in shiga da shi gida, Baba ya tsai da ni a zaure.

— Ga sharaɗi uku. Ba zai shiga ɗaki ba. Ba zai sa baki a kwanonmu ba. Kuma kai za ka kula da cinsa da shansa. Ka yarda?

— Na yarda, Baba.

Na yi masa ƴar bukka a inuwar bedi, kusa da garke. Daren farko bai bar kowa ya yi barci ba, sai kuka yake yi, yana neman uwarsa. Kashegari Kawu ya ba ni tsohon buhun da suke kwanciya a kai. Da Duna ya ji ƙanshin uwarsa a jikin buhun, sai ya naɗe ya yi barci.

Cikin kwikwiyo ƙarami ne, saboda haka sau huɗu nake ba shi abinci a rana, kaɗan kaɗan: tuwo da aka jiƙa da romo, da ɗan nama in an samu. Ba na ba shi abinci mai yaji ko albasa, don suna cutar da kare. Ba na ba shi dafaffen ƙashin kaza, don yana tsagewa ya soke shi a maƙogwaro ko a hanji. Kaskon ruwansa kuwa ba ya bushewa. Da ya tashi daga barci, ko ya gama cin abinci, sai in kai shi wuri guda a bayan gida. Ba a daɗe ba ya gane can ne wurin kashi da fitsari.

Kowace yamma, in na taso daga makaranta, sai mu yi darasi na minti biyar. Na fara da kalma ɗaya: «Zo!» In ya zo, sai in shafa kansa, in ba shi ƴar loma. Da ya iya wannan, na koya masa «Zauna!», sannan «Bari!» Ina kuma ɗaura masa igiya mu zagaya cikin awaki da kaji. In ya zabura zai kori kaza, sai in ja igiyar, in ce: «Bari!» Haka ya gane bisashen gidanmu ba abin farauta ba ne.

Amma wata rana na yi kuskure. Duna ya tauna takalmin Baba na zuwa kasuwa. Raina ya ɓaci, na ɗauki kara na zabga masa. Kwana biyu ina kiransa, yana gudu yana ɓuya a ƙarƙashin rumbu. Na je na gaya wa Kawu.

— Kai ka ɓata aikinka, in ji shi. Haƙoransa ne ke ƙaiƙayi, don na nono suna zubewa, sababbi suna fitowa. Ba shi guntuwar igiya mai kauri ya tauna, ku kuma ku ɗauke takalmanku. Duka ba ya koya wa kare komi sai tsoro, kuma kare mai tsoro shi ke cizo.

Na koma ina lallashinsa da loma, har ya sake yarda da ni. Tun daga ranar ban ƙara dukansa ba.

Da ya cika wata uku, ni da Baba muka kai shi wurin likitan dabbobi ran kasuwa. Aka yi masa allurar rigakafin haukan kare, aka ba shi maganin tsutsar ciki, aka ba mu takarda mai ranar da za mu komo. Likita ya nuna mini yadda ake duba kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu. Ya ce in riƙa wanke hannuna da sabulu duk lokacin da na taɓa shi.

Yanzu Duna ya girma, sau biyu yake cin abinci a rana. Shekaranjiya da tsakar dare muka ji haushinsa. Baba ya fita da fitila, sai ya hangi dila yana tsallake darni a guje. Da safe Inna ta ƙirga awakinta, babu wadda ta ɓata. Ita da kanta ta zuba wa Duna romo a kwanonsa.

II. Mu ƙara sani

Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63. Kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, babban kare kuwa yana da 42. A yankin Azawak, arewa da Tawa, makiyaya suna da wani irin kare siriri mai dogayen ƙafafu da gudun tsiya. Yana gadin zango, yana farautar zomo da barewa. Sunan yankin ne aka san shi da shi har a ƙasashen Turai.

Haukan kare mugunyar cuta ce. Ƙwayarta tana cikin yawun dabbar da ta kamu, tana shiga jikin mutum ta wurin cizo ko yaƙushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe dubban mutane kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kamar 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In alamun cutar suka bayyana, magani ba ya aiki. Amma in an yi allura da wuri, mutum yana tsira. Wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya fara yi wa mutum wannan allura a shekarar 1885. Yaron da aka yi wa, Joseph Meister, shekararsa tara, kuma ya rayu.

In kare ya cije ka, ko da naka ne:
1. Ka wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15.
2. Ka gaya wa iyayenka nan take, kada ka ɓoye don tsoron faɗa.
3. A kai ka gidan likita a ranar.

Kada ka jefi kare. Kada ka taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Kada ka kusanci karen da ba ka sani ba.

III. Kalmomi

kare : le chien
karya : la chienne
kwikwiyo : le chiot
haushi : l'aboiement
dila : le chacal
kaska : la tique
haukan kare : la rage
allurar rigakafi : le vaccin

IV. Tambayoyi

1. Me ya sa Baba ya ce ana bukatar kare a gidan?
2. Don me Kawu ya ce a jira wata biyu?
3. Faɗi sharuɗɗa uku da Baba ya kafa.
4. Me ya faru da yaron ya doki Duna? Me ya kamata ya yi?
5. Ƙanenka ya zo yana kuka, kare ya cije shi a ƙafa. Me za ka fara yi?

V. Aikin gida

Hausawa sun ce: «Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.» Rubuta jimla uku ka nuna yadda wannan karin magana ya dace da labarin Duna.